Irin da ya rasa suna: yaushe ido ya isa, yaushe sai an tsirar?

Duk mai ajiye irin kayan lambu, ko ba daɗe ko ba jima, zai ci karo da ƙulli ko 'yar kwalba da babu suna a jikinta. Ko dai takardar ta yage, ko danshi ya cinye rubutun, ko an zuba ne da niyyar a rubuta daga baya. Lokacin shuka ya zo, ga iri a hannu, mai shi kuma bai san ko na mene ne ba. Abin da ke gabansa bai wuce huɗu ba: ya dogara da idonsa, ya nemi taimakon hanci da ruwa, ya tsirar da kaɗan ya jira ganye, ko ya haƙura ya nemi sabon iri mai suna. Abin da zai zaɓa maka hanya shi ne dangin da irin ya fito, da girman asarar da za ka tafka idan hasashenka bai yi daidai ba.

Ido ya fi sauri, kuma ba ya cin ƙwaya ko ɗaya. Sai dai a tafin hannu ba a ganin komai sosai. Zuba irin a kan farar takarda kusa da taga da rana, ka ajiye rula mai milimita a gefe. Idan akwai gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, madalla. Idan babu, ɗauki hoto da waya ka buɗa shi. Girma za ka fara dubawa, sai siffa, sai fatar ƙwayar: santsi gare ta, ko gashi, ko zane, ko ta yamushe? Launi ka bar shi ƙarshe, don shi ya fi saurin ɓatar da mutum. Irin latas akwai fari akwai baƙi, duka kuwa latas ne. Na kankana akwai baƙi, da ja-ja, da fari, da mai ɗigo-ɗigo. Iri in ya tsufa yakan dushe ko ya yi duhu. Wanda kamfani ya shafa wa maganin ruɓa kuwa sai ka gan shi ruwan hoda ko kore ko shuɗi, launin da ba nasa ba. Akwai ma wanda ake lulluɓewa da laka a mulmula shi don injin shuka ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, galibi latas da karas. Wannan ido ba shi da ta cewa a kansa sai an jiƙa ƙwaya ɗaya lakar ta narke.

Inda aka fi yawan rikicewa shi ne tsakanin tumatir da barkono da yalo, domin gida ɗaya suka fito, kuma dukansu fele-fele ne masu ɗan faɗi. Amma da gilashi a hannu ba su da wuyar rabawa. Ƙwayar tumatir gashi gare ta, wani lallausan gashi da ke kwance a jikinta, shi ya sa take manne wa 'yar uwarta idan ta bushe. Launinta tsakanin toka da ruwan ƙasa, faɗinta wajen milimita 3, ɗaya gefen ya ɗan tsuke. Ta barkono ba ta da gashi ko kaɗan. Ta fi faɗi, ta fi haske, fara-fara ce mai sirkin ruwan ɗorawa, sau da yawa a ɗan lanƙwashe, da ɗan baki a inda take manne da cikin ɗan. Ta yalo ko gauta ta fi su kauri da santsi, tana ɗan sheƙi, kusan kewayayya, da 'yar tsaga a gefe guda, launinta kuma ya fi na barkono duhu. Nauyi ma yana ba da shaida ga mai ƙaramin sikeli: giram ɗaya na tumatir yakan ɗauki ƙwaya wajen 300, na barkono wajen 150, na yalo kuma tsakaninsu. Idan tambayarka ita ce "tumatir ne ko barkono?", ido ya isa, kar ka ɓata mako biyu kana jiran tsiro.

Da tambayar ta koma "wane barkonon?", ido ya gama aikinsa. Tattasai marar yaji da barkono mai tsananin yaji ƙwayarsu kusan ɗaya ce. Gaskiya ne ta tattasai takan ɗan fi girma, ta attarugu kuma gefenta yakan ɗan yamushe, amma wannan bambanci ba wanda za ka kafa gonarka a kansa ba ne. Wanda na san ya fita daban a wannan dangi guda ne: barkonon tsaunukan Andis na Kudancin Amurka da ake kira rokoto, wanda ƙwayarsa baƙa ce. Sauran kuwa, kama da wane ba wane ba ne. Haka tumatir yake. Ƙananan masu zuwa a gungu ƙwayarsu takan fi ƙanƙanta, amma babu idon da zai gaya maka wannan dogo zai haifa ko mulmulalle, ko zai jure zafi, ko zai yi yaɗo har ya nemi sanda.

A wannan gidan ne kuma akwai baƙon da ya kamata kowa ya sani. Zaƙami ɗan uwan tumatir da yalo ne, ƙwayarsa ma shimfiɗaɗɗiya ce mai siffar ƙoda, wani nau'in ruwan ƙasa, wani baƙi. Ta fi ta yalo girma da kauri, fatarta kuma da kaushi, amma wanda bai saba ba zai iya ɗaukarta irin lambu. Guba ce mai juya hankali, tana kuma kisa. Saboda irinta nake cewa a cire ɗanɗano daga cikin hanyoyin gane iri gaba ɗaya. Wasu kan ce ka lasa ƙwayar barkono ka ji ko da yaji. Yajin ba a cikin ƙwayar yake ba, a farar jijiyar cikin ɗan yake, abin da ya shafu a jikin ƙwayar ne kawai harshe ke ji, kuma wanki da tsufa suna rage shi. Ga maganin ruɓa da ake shafa wa irin kamfani, wanda ba na ci ba ne. Ga zurma, da ƙwayarta mai zane da sheƙi take kama da wake, sai dai tana da ɗan ƙullutu a kai, guba ce ita ma mai tsanani. Abin da harshe zai gaya maka bai kai haɗarinsa ba.

Dangin kabeji nan ne ido ke faɗuwa warwas. Ƙwayoyi ne mulmulallu, wajen milimita 2, daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa baƙi, suna gangarewa a kan takarda da ka ɗan karkata ta. Wannan gangarawa kaɗai ta isa ta gaya maka dangin. Amma kabeji da farin kabeji da burokoli a wajen masana tsirrai jinsi ɗaya ne, Brassica oleracea, mutane ne suka yi ta zaɓe cikin ɗaruruwan shekaru, wani don ganye, wani don fure. Ƙwayar ba ta canza ba. Ko ƙwararren da ya shekara yana aikin iri ba zai raba su da ido ba, wanda ya ce maka ya iya kuwa hasashe yake yi. Radis kuwa ya fita daban: ya fi girma sosai, ja-ja ne, kuma ba mulmulalle sak ba.

Sai ƙananan baƙaƙen iri, waɗanda a kallon farko duk ɗaya suke. A nan hanci da ruwa suke shigowa, kuma aikinsu yana burge ni. Ɗauki albasa da habbatus sauda. Dukansu baƙi ƙirin, masu kusurwa, girmansu kusan ɗaya, har a wasu ƙasashe ana sayar da habbatus sauda da sunan irin albasa, alhali ko dangi ba su haɗa ba. A gilashi ta albasa ta fi faɗi, ta motse, gefe ɗaya a lotse. Ta habbatus sauda cikakkiya ce mai gefe uku, ta tsuke a kai, fatarta da kaushi. Idan shakka ta rage, murƙushe ƙwaya biyu da bayan cokali ka shinshina. Habbatus sauda za ta tashi da ƙamshinta mai ƙarfi nan take, da ɗan maiƙo a cokalin. Albasa in ma ta yi wari, ɗan warin albasa ne sama-sama. Cikin minti ɗaya an gama.

Alayyahu ba ya ɓuya: ƙwayarsa wajen milimita 1 ce, kewayayya mai ɗan tudu a tsakiya, tana ƙyalli, tana zamewa daga yatsa. Matsalarsa ita ce alayyahun daji mai ƙaya ma haka ƙwayarsa take, don haka idan ba ka tabbatar daga ina aka karkaɗo shi ba, sai an tsirar. Lalo ƙwayarsa mai kusurwa-kusurwa ce kamar an sassare ta, launinta toka mai sirkin kore ko shuɗi. Ɗoɗɗoya baƙa ce, 'yar doguwa, ba ta sheƙi. Zuba ƙwaya biyar a cokalin ruwa ka tsaya a kai. Kafin minti biyar zuwa goma, a yawancin nau'o'inta, za ka ga wani farin yauƙi ya fito ya kewaye kowace ƙwaya, ta kumbura ta ninka girmanta, baƙin yana tsakiya. Albasa ba ta yin haka, alayyahu ba ya yi, habbatus sauda ba ta yi. Lansir yana yi, amma shi ja-ja ne mai ɗan tsawo, ba za a haɗa su ba. Abin lura dai, akwai ɗoɗɗoyar da yauƙinta kaɗan ne, don haka fitowar yauƙi shaida ce, rashinsa kuwa bai kore ta ba.

Dangin karas na hanci ne kusan gaba ɗaya. Dukansu suna da zane a tsaye daga kai zuwa gindi, gefe ɗaya a shafe, ɗayan da tudu. Karas ɗin da aka tara a gida yana da 'yan ƙayoyi sirara a bayansa, na kamfani kuwa an murje su, sai ya dawo kamar fasili. Murza kowanne tsakanin yatsu: karas warin karas yake yi, fasili na fasili, seleri na seleri. Seleri ma ƙanƙantarsa ta isa shaida, giram ɗaya yakan kai ƙwaya 2,500, yayin da karas bai cika wuce 1,000 ba. Koriyanda mulmulalle ne mai haske, in ka danne shi ya rabe biyu, don a gaskiya ƙwaya biyu ce a ɓawo ɗaya. Dil shimfiɗaɗɗe ne mai farin baki kewaye da shi. Shammar dogo ne kore-kore mai ƙamshi mai zaƙi, kamun kuma ya fi shi siranta da duhu, ƙamshinsa mai nauyi.

Amma wannan amincewa da hanci ta tsaya ne a kan irin da ka san daga lambu ko daga fakiti ya fito. Dangin karas yana da 'yan uwa a daji masu kashe mutum, a cikinsu har da hemlok, gubar da aka ba masanin falsafar Girka Sokratis ya sha a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙwayar hemlok tana kama ƙwarai da ta yansun, wani kayan ƙamshi na wannan dangi, ganyensa kuma yana kama da na fasili da karas, wato ko an tsirar ba a tsira ba. Duk irin da ke da wannan zane a tsaye, wanda aka tsinto a daji ko ba a san asalinsa ba, hanya ta huɗu ce tasa, wato a haƙura da shi. A zubar da shi inda yaro ko dabba ba za su kai ba.

Masu yaɗo sun fi sauƙi, ban da guda biyu. Kabewa ƙwayarta babba ce, fara ko ruwan madara, da kauri a bakinta kewaye. Ta kankana ta fi tauri da santsi, da 'yan tudu biyu a wajen kan. Ta duma doguwa ce mai kafaɗu. Biyun da ke wahalarwa su ne kokwamba da shammam, ɗan uwan kankanar nan mai zaƙi. Ana cewa ta kokwamba ta fi fari, ta fi siranta, ta fi tsini, ta shammam kuma ta fi ruwan ɗorawa da ɗan cika. Haka ne idan ka jera su gefe da gefe. Idan ɗaya kawai ke gabanka, ba ka da abin aunawa, kuma akwai shammam mai ƙananan ƙwaya fari. Tun da dukansu suna tsirowa cikin kwana 3 zuwa 6 a ɗumi, kuma ainihin ganyen farko yana raba gardama, na kokwamba mai kusurwa da tsini, na shammam mai zagaye, ban ga dalilin yin caca ba. Sa ƙwaya uku a gwangwani ka jira mako biyu.

Kuɓewa da yakuwa da rama 'yan gida ɗaya ne, amma kowacce da fuskarta. Ta kuɓewa mulmulalliya ce, toka mai sirkin kore, giram ɗaya bai cika wuce ƙwaya 20 ba. Ta yakuwa mai siffar ƙoda ce, ruwan ƙasa. Ta rama ta fi kusurwa da tsini, ta fi duhu. Hulba rawaya ce mai tauri, da tsaga a karkace da ta raba ta gida biyu, ga ƙamshin da ba ya ɓuya. Latas siriri ne, tsini gaba da baya, da zane a jiki, ba shi da nauyi ko kaɗan. Bitirut dunƙule ne mai kaushi, wanda a cikinsa akwai ƙwaya biyu zuwa biyar, shi ya sa rami ɗaya ke fitar da tsiro da yawa. Duk waɗannan ido ya wadatar.

A wake da masara ne ido ke ɗan leƙawa har cikin nau'i. Launi da zanen wake sukan bi nau'insa. Masara mai zaƙi in ta bushe motsewa take yi ta yamushe, saboda sukarinta bai koma gari sosai ba, ta hatsi kuwa cikakkiya ce. Haka koren waken nan da ake kira fis: mai yamushewa ya fi zaƙi, mai santsi ya fi gari. Wannan bambanci na santsi da yamushewa yana cikin halaye bakwai da Giregor Mendel ya bibiya a gwajinsa na gadon halitta da aka buga a 1866. Ya iya ƙirga wannan hali a kan ƙwayar kanta ba tare da jiran shuka ta girma ba. A yawancin kayan lambu babu wannan gata, halin shukar a ɓoye yake cikin ƙwayar.

Akwai dabaru biyu da ake yawan yabawa waɗanda ban ba su muhimmanci sosai ba. Ta farko zuba iri a ruwa a ce wanda ya taso ya mutu. Wannan ba ya gaya maka sunan iri, ko a batun rai ma a manyan ƙwayoyi irin kabewa kawai yake da ɗan amfani, inda holoƙo ke tasowa. Karas da latas tasowa suke yi ko da ransu, don ba su da nauyi. Kuma duk irin da ya sha ruwa ya fara farkawa, ba a mayar da shi ajiya. Ta biyu ita ce manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto. Da ganye da fure suka fi ƙwarewa. Nuna musu baƙar ƙwaya mai milimita 2 a kan takarda, za su ba ka amsa, amma amsar ba ta fi hasashenka ba. Ka adana su sai tsiron ya yi ganye huɗu.

Gwajin tsiro shi ne mafi tabbas, kuma shi ne mafi cin lokaci. Yana amsa tambaya biyu a tafiya ɗaya: mene ne, kuma yana da rai? Ɗakunan gwajin iri da ke bin ƙa'idar ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, wadda aka kafa a 1924, sukan gwada ƙwaya 400, kashi huɗu na ɗari-ɗari. Mai lambu ba ya bukatar haka. Ƙwaya 10 ko 20 sun isa. Jera su a kan tsumma mai tsabta ko takarda mai shan ruwa, a jiƙe amma ba tana ɗiga ba, ka naɗe, ka sa a leda, ka bar ɗan wurin shan iska, ka ajiye a inuwa mai ɗumi. Tumatir da barkono da masu yaɗo suna son zafi tsakanin digiri 25 da 30. Latas da seleri sanyi suke so, latas ma in zafi ya kai wajen digiri 30 sai ya ƙi tsirowa alhali lafiyarsa lau, mutum ya zubar da iri mai kyau yana zaton ya mutu. Idan 8 cikin 10 suka fito, shuka yadda ka saba. Idan 5 ne ko 6, ka ƙara yawan abin da kake zubawa. Ƙasa da haka, ba ya biyan wahala.

Ranar da saiwa ta fara leƙowa ita kanta shaida ce. Lansir da radis cikin kwana 2 zuwa 4 sun fito. Kabeji bai cika wuce mako ba. Tumatir kwana 5 zuwa 10, barkono yakan ja mako biyu har uku, fasili kuwa yana iya kai wata. Don haka idan ka sa abin da kake zaton barkono ne ya fito rana ta huɗu da gashi a kararsa, sake duba ƙwayar. Daga nan sai ka mayar da waɗanda suka tsiro cikin ƙasa a ƙaramin mazubi, domin a tsumma ba za su kai ga ganyen da zai faɗi sunansu ba.

Ganye biyun farko ba ainihin ganyen shukar ba ne, amma suna nuna dangi. Na kabeji da radis gajeru ne masu faɗi da lotsawa a tsakiyar baki. Na karas dogaye ne sirara, har mutum ya ɗauka ciyawa ce ya cire. Na tumatir da barkono dogaye ne masu tsini, sai dai karan tumatir gashi gare shi, in ka shafa kuma warin tumatir ya kama yatsanka, na barkono kuwa sumul yake. Albasa ita ba ta da ganye biyu. Zare ɗaya take fitarwa a lanƙwashe, gwiwar ce ke fara huda ƙasa, kai da gindi duka suna ciki, bayan 'yan kwanaki ta miƙe ta ɗago da baƙin ɓawon a bisa kanta. Wanda ya taɓa ganin wannan sau ɗaya ba zai sake haɗa ta da habbatus sauda ba, wadda ke buɗe ganye biyu kamar sauran. Ainihin ganye yana zuwa bayan mako biyu zuwa huɗu, shi ke yanke hukunci tsakanin kokwamba da shammam, tsakanin karas da fasili, tsakanin yalo da barkono. A dangin kabeji kuwa ko wannan bai isa ba. Jan kabeji yana tona kansa da launi tun yana ƙarami, amma farin kabeji da burokoli da kabeji sai sun girma sosai, wani lokaci sai sun fara haɗa kai.

Akwai kuma abin da ido da hanci da tsiro duk ba sa gani. Irin da aka cire daga 'ya'yan shuka mai aure, wadda ake rubuta F1 a fakitinta, ba ya maimaita uwarsa. Zai tsiro lafiya, ganyen tumatir ne sak, amma 'ya'yan su fito kowanne da halinsa. Haka irin da ƙudan zuma ya haɗa barbara da na maƙwabta: tattasai da aka shuka kusa da barkono mai yaji yana iya ba da iri mai yaji a shekara mai zuwa. A kabewa abin ya wuce ɓacin rai. Idan ta haɗu da 'yar uwarta ta ado ko ta daji, jikokin suna iya fitowa da ɗaci mai guba. A 2015 wani dattijo a Jamus ya rasu bayan ya ci irin wannan kabewa mai ɗaci da aka noma a lambun gida. Duk kabewa ko kokwamba ko duma da ta fito daga irin da ba a san asalinsa ba, in an ji ɗaci mai tsanani a tofar, a zubar, dafuwa ba ta kashe shi.

Shekarun irin ma suna shiga lissafi, kuma ƙullin da ya rasa suna galibi ya rasa kwanan wata. Albasa ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Barkono da karas biyu zuwa uku. Tumatir da kabeji sukan kai huɗu ko biyar, kokwamba ma ta wuce haka, in an ajiye su a bushe a wuri mai sanyi. Zafi da danshi suna rage duk waɗannan shekaru sosai. Saboda haka idan ido ya ce maka albasa ce, kuma ba ka tuna yaushe aka ajiye ta ba, sanin sunan bai amfane ka da komai ba sai ka gwada ranta. Tsohon irin kokwamba kuwa ya cancanci a ba shi dama.

Ga mai noma don sayarwa, shawarata gajeriya ce: kar ya shuka irin da ba shi da suna a fili mai yawa, ko da ya gane dangin. Taki da ban ruwa da watanni uku ko huɗu na aiki sun fi kuɗin sabon iri nesa ba kusa ba, kuma mai saye nau'i yake nema, wanda shi ne ainihin abin da ƙwaya ba ta nunawa. Mai ɗan lambu a gida yana da sarari. Kuɓewa, wake, latas, alayyahun da ya san asalinsa, koriyanda, hulba, lansir, duk ya shuka su da shaidar ido da hanci, in ma ya kuskure asarar 'yan makonni ce. Barkono da dangin kabeji, masu daɗewa a reno da cin wuri bayan dashe, ya ware musu layi ɗaya a gefe, ya sayi mai suna don sauran filin. Idan kuwa irin na gado ne, wanda wani ya daɗe yana adanawa kuma ba a samunsa a fakiti, wannan ba a zubarwa ba a kuma zuba shi duka a ƙasa. A raba shi uku: kashi ɗaya a gwada, ɗaya a shuka, ɗaya a ajiye har sai an ga 'ya'ya.

Abin da ke ƙara wa ido ƙarfi fiye da kowane gilashi shi ne samun abin kwatantawa a gefe. Duk lokacin da ka buɗe fakiti mai suna, cire ƙwaya biyar ka manna a kan kati da farin salatif mai nuna ciki, ka rubuta suna da nau'i da shekara a ƙasa. Cikin shekara biyu za ka tara katin da zai raba maka kokwamba da shammam, yakuwa da rama, cikin daƙiƙa kaɗan. Shi ne kuma zai taimake ka ranar da iri biyu suka zube suka gauraya. Mulmulallu irin kabeji a karkata takarda su gangare su bar masu faɗi a baya. Masu bambancin girma a tace su da rariya. Tumatir da barkono sai an zauna da tsinke an ware ɗaya-ɗaya, mai gashi dama, mai santsi hagu. Kabeji da farin kabeji in sun gauraya babu mai raba su, sai dai a rene su tare, a dasa da tazarar da ta ishi mafi girmansu, wajen santimita 50 zuwa 60, a jira kowanne ya nuna kansa. Rubutun kuma a yi shi da fensir, a jefa wata 'yar takardar a cikin kwalbar ban da ta waje, domin tawadar biro tana bajewa da danshi, ta fensir kuwa tana nan.